Littafin kuka: adabi ne ko cin kasuwa da hawayenmu?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum jama'a. Na gama littafin nan da aka turo satin da ya wuce, na yarinyar da 'yan bindiga suka sace ta dawo da ciki dangi suka guje ta, kuma wallahi na yi da-na-sanin buɗe shi. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, jiya har miya na ƙona ina tunaninta. Ni ra'ayina a daina turo mana irin waɗannan a zauren nan, cin kasuwa ne kawai da hawayen mutane. Mutum ya kashe rediyo don ya gaji da jin kashe-kashe, ya ɗauki waya ya ɗan huta, sai ya tarar da abin da ya guda yana jiransa.

'Yar Gombe: Kin faɗi abin da ke raina Anty. Uba ya mutu a shafi na 3, uwa ta haukace, ƙani ya faɗa rijiya, haba! Mutum ɗaya duk shi kaɗai? Kuma ku lura daidai inda kuka ya fi yawa nan ake tsayar da shafukan kyauta a ce turo ₦500 ki ga ci gaba.

Malamin Hausa: Hajiya ku yi haƙuri in ɗan sa baki. Labarin baƙin ciki ba yau ya shigo adabinmu ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ya fito, an sace yaro an sayar, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, sai da ta sha wahalar hamada kafin su gana, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Shekara da shekaru ana koyar da shi a makarantu, ban taɓa jin an ce cin kasuwa ba ne.

'Yar Gombe: Malam ai shi bai ce a tura kuɗi ta asusu kafin a ga ko uwar za ta mutu ba 😂

Malamin Hausa: To kin ga ashe da salon sayarwa kike faɗa, ba da labarin ba.

Maman 'Yan Biyu: A'a Malam ni da labarin nake. Me na ƙaru da shi? Na yi kuka na share hawaye, yarinyar da ke daji da gaske tana can, kukana bai fito da ita ba. Har kunya na ji, ina kwance kan katifa da fanka ina kukan wahalar wasu kamar ina kallon fim.

Baƙuwa daga Zamfara: Tun ɗazu nake karantawa ina ta rubutawa ina gogewa. Anty mu abin nan a gidanmu ya faru, 'yar yayata ce, ba zan yi dogon bayani ba. Da ta dawo ba wanda ya iya yi mata maganar, ni kaina sai in kai mata abinci in fito da sauri don ban san me zan ce ba, kowa sai sannu sannu kamar mai zazzaɓi. A littafin nan akwai inda yarinyar take jin haushin yadda ake yin shiru in ta shigo ɗaki, wallahi a nan na ajiye waya na tafi ɗakin 'yar yayata na zauna, ban ce komai ba na dai kama tsefe mata kai. Ranar ta fara yi min magana.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Ki yafe ni 'yar uwa, ban san da ke a ciki ba. Allah Ya ba ta lafiya Ya kawo mana ƙarshen abin nan.

Baƙuwa daga Zamfara: Amin, ba komai wallahi. Kuma ba wai na goyi bayan littafin duka ba ne. Maganar 'Yar Gombe gaskiya ce, rabinsa ƙari ne, kuma daga gani marubuciyar ba ta taɓa kwana a ƙauye ba, ta sa mutane suna kiran 'yan sanda a waya cikin dare a garin da sai an hau tudu ake samun sabis. Wurin fyaɗen kuma ta ja shi har shafi huɗu, wannan kam tsallakewa na yi, ban ga wanda ta rubuta wa shi ba.

Malamin Hausa: Nan ne gizo ke saƙar. Da BBC Hausa ta fara Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata, a 2016 labarin da ya zo na ɗaya kan 'yan gudun hijira ne, gajere ne kuma ya taɓa mutane ba tare da an yi ta jan wahala ba. Abin da nake tsoro shi ne kalmar "a daina". A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma mata marubutan da ake zagi a lokacin suna cikin waɗanda suka fito da zancen auren dole da sakin wulaƙanci a fili.

'Yar Gombe: Kai Malam, daga kar a turo a guruf har ka kai mu ƙona littafi? Ba wanda ya ɗauko ashana fa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai har yanzu ina kan bakata ta wani ɓangaren, mai hawan jini irina bai kamata a jefo masa wannan ba gargaɗi ba. Ko a rubuta a sama cewa akwai fyaɗe da kisa, mai iyawa ya shiga.

Admin: Wannan mai sauƙi ne, daga yau duk mai turowa ya rubuta. Cirewa kuma ba zan cire ba.

Maman 'Yan Biyu: To shi kenan. 'Yar uwa ta Zamfara, in ba damuwa in miki magana ta gefe? Akwai wata maƙwabciyarmu da ta dawo wata uku ke nan, ban taɓa shiga gidan ba.