Wane suna za mu ba nitrate d'ammonium da Hausa?

Daga Garwa:
Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara wata takardar horar da manoma daga Faransanci, na iso kan wani takin zamani, nitrate d'ammonium, wanda a jikin buhu ake rubuta ammonitrate. Shawara biyu aka ba ni, farin taki da takin bam, kuma babu wadda hankalina ya kwanta da ita. Ina neman sunan da manomi zai gane, ɗalibi kuma ya rubuta a littafinsa ba tare da an ruɗa shi da wani takin ba.

Daga Marwa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Farin taki ba zai yiwu ba, domin yuriya ma fara ce, kuma ita ce mutanenmu suka saba karɓa tare da takin auduga a hannun SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru. Duk wanda aka aika ya sayo farin taki, yuriya zai ɗauko, alhali aikinsu a ƙasa ya bambanta. Yuriya tana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, wannan kuwa kimanin kashi 34, amma rabin nasa yana cikin siffar da saiwa take zuƙa nan take, sauran rabin ya maƙale a ƙasa ya riƙa fita a hankali. Idan aka watsa yuriya a kan ƙasa mai zafi ba a rufe ta ba, wani kaso nata yana bin iska, wannan kuwa asararsa ta wannan hanya kaɗan ce. Nasa raunin yana wajen ruwa: a jigawa ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, a gonar shinkafa mai kwance da ruwa irin ta Yagwa da Maga a arewacin Kamaru kuma yana lalacewa, shi ya sa yuriya ta fi dacewa a can. Sunan da zai haɗa su biyun zai sa manomi ya zuba kuɗinsa a inda bai kamata ba.

Daga Kusuri:
Ni takin bam ne nake roƙon a janye shi gaba ɗaya. Haɗarin gaskiya ne: tan 2,750 na wannan sinadari ne aka yi shekaru ana ajiye da su a tashar jiragen ruwa ta Bairut, suka fashe ranar 4 ga Agusta 2020, mutum fiye da 200 suka rasu, kuma tun 1947 irin haka ta faru a Texas City ta Amurka, a wani jirgin ruwa da ya kama da wuta. Masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse ma da shi suke aiki. Sai dai a yankin da ya sha fama da tashin bama-bamai kamar namu, manomin da ya tsaya a shingen jami'an tsaro ya ce takin bam ya ɗauko ya jefa kansa cikin masifa. Kuma sunan bai faɗi gaskiyar abin ba, domin shi kansa ba ya ci da wuta yadda fetur yake ci. Iskar da wuta take buƙata yake ba ta, sai ta ƙara ƙarfi. Tsananin zafi a rufaffen wuri da gauraya da mai ko wani datti su ne suke mayar da shi abin tsoro.

Daga Injamena:
Malam, a ganina mu bi hanyar da Hausa ta riga ta bi. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ce kamfa ga takin compound, sun ce sufa ga takin superphosphate, dukanmu mun ce yuriya, duk daga abin da kunne ya ji aka gyara shi ya zauna a baki. Tun da Faransanci ne a jikin buhunan da suke zuwa Kamaru da Cadi, ina ba da shawarar amonitirat, domin mai karatu zai haɗa abin da ya ji da abin da ya gani a rubuce. A gona a ce takin amonitirat. A aji kuwa a ce gishirin amonitirat, domin a ilimin sinadarai gishiri ne da ake samu idan amoniya ta haɗu da asid na nitirik, kuma halinsa na gishiri ne ƙwarai: buhun da aka bari a buɗe da damina yana jan danshi, ƙwayoyin su jiƙe, daga baya su dunƙule su yi tauri. Wanda ya zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa ya motsa zai ji kofin ya yi sanyi a tafin hannunsa, kuma wannan hali ne ya sa ake amfani da shi a 'yan jakunkunan sanyi da ake ɗora wa targaɗe. Kada dai a taƙaita sunan zuwa nitirat, domin akwai wasu gishirin nitirat da dama.

Daga Garwa:
Na gode, malamai, Allah ya ƙara ilimi. Na rubuta takin amonitirat, kuma a wurin da sunan ya fara fitowa na ƙara gargaɗi cewa a ajiye shi a busasshen ɗaki mai shan iska, nesa da wuta da fetur da gas da ciyawa. Akwai kuma nau'in da ake gauraya da garin farar ƙasa, mai naitirojin kimanin kashi 27 cikin 100, wanda na sa wa amonitirat mai farar ƙasa, sai dai idan akwai mai gyara.