Wace Hausa za mu ba "self-medication"?

Jama'a, a taimaka. Muna haɗa takardar tambayoyi don ɗaliban sashen haɗa magunguna, malaminmu ya ce a yi ta da Hausa ma. Na maƙale a kalma ɗaya: self-medication, wato mutum ya sha magani ba likita ne ya rubuta masa ba.

Abin da aka saba ji a rediyo shi ne "shan magani ba bisa ƙa'ida ba". Ban yarda da shi ba. Da an faɗa, hankali ya tafi kan kodin da tiramol. Ɗalibin da ya sha Ampiclox, maganin kashe ƙwayoyin cuta, don kaikayin maƙogwaro ba zai ga da shi ake ba, sai ya rubuta "a'a" da zuciya ɗaya.

Wata 'yar ajinmu ta ce "shan magani da ka". Yana da daɗin faɗa, kuma ya yi daidai da wanda zai shiga kemis ya ce a ba shi kafso ja da rawaya guda biyu. To mu fa? Abokin ɗakina ba da ka yake sha ba. Ya haddace amoxicillin miligiram 500, sau uku a rana, don jarabawa ta tilasta masa. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke damunsa. Mura ce, bairos ke kawo ta, maganin bakteriya kuwa ba ruwansa da bairos. Kwana biyu ya ji dama, ya cusa ragowar a akwati, har wani ya zo da ciwon ciki ya zaro ya miƙa masa.

A 1945, a jawabinsa na kyautar Nobel, Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi fargabar ranar da jahili zai sayi penisilin a shago, ya sha kaɗan, ƙwayoyin cutar su saba har su daina jin magani. Namu ba jahilai ba ne, karatun ne ma ya ba su ƙarfin hali.

Shi ya sa na fi karkata ga "maganin gaban kai". Wanda ya yi gaban kansa yana iya zama masani, bai dai tuntuɓi wanda ya kamata ba.

An ce mini ai farasitamol na ciwon kai ma gaban kai ne, kuma ba laifi. Gaskiya ne. Don haka tambayar za ta fito haka: "Ka taɓa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na gaban kanka, ba likita ne ya rubuta maka ba?"

Jibi za a kai wa mai bugawa. Wanda ke da gyara ya yi magana yanzu.