Musayar waƙa: A tambaye ni kafin a tsira mini allura

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum ma'abota baiti. Batun yau shi ne yardar majinyaci da saurin da hukuma ke yi wajen rigakafi. Zan fara da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Amsa-amona "ba" ne, mai amsawa ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Shi da bai bar ciwo babu magani ba.

Sanƙarau ya sauka Kano cikin bazara,
Ba unguwar da kuka bai shiga ba.

Asibitin Zana ya cika ya batse,
Wasu a tabarma, ba su sami gado ba.

Sai ga baƙi a jirgi daga Amurka,
Da Trovan, wanda ba a gama gwada shi ba.

Yara wajen 200 aka ware,
Rabi sabon magani, rabin kuwa ba shi ba.

Guda 11 suka koma ga Allah,
Wasu sun rayu amma ba su ƙara ji ba.

Iyaye suka ce: gwaji ne? Wa ya faɗa mana?
Mu ba a karanta mana wata takarda ba.

Kamfani ya ce da baki aka nemi yarda,
Ya ce ciwon ne ya kashe, ba maganin ba.

Ku bar batun ajali, yana hannun Allah,
Ni dai: me ya sa ba a fahimtar da su ba?

A 2009 aka yi sulhu da Kano,
Dala miliyan 75, ba kaɗan ba.

Sun biya lauyoyi, sun tayar da gini,
Amma ba su sayo yarda ta dawo ba.

To yau in an ce yi sauri miƙo dantse,
Ba zan miƙa ba in ban ji bayani ba.

Mai Akwatin Sanyi

Wa alaikumus salam Yaya. Ni ma'aikaciyar rigakafi ce, ga tawa.

Yaya na ji ka, ka faɗi gaskiya,
Wanda ya musa ta ya ji kunyar duniya,
Amma tsaya ka ji ta mai tafiya,
Lungu-lungu da akwati nake zagawa.

A 2003 aka ce a dakata,
Ɗigon shan inna wai akwai mugunta,
Wai an zuba abin da zai cuci 'yan mata,
In sun girma ya hana su haihuwa.

Kano ta rufe ƙofa wata da watanni,
Ana kai kwalabe gwaji wajen masana fanni,
Sai Yulin 2004 aka sami sukuni,
Da na Indonesiya aka yarda da komawa.

Amma ƙwayar ta riga ta tsallake iyaka,
Ƙasashe wajen 20 ta je ta sauka,
Sudan da Yaman, har Indonesiyar ta leƙa,
Ƙafafun yaran da ba su san mu ba suna shanyewa.

Uban da ya ƙi yana tafiya da ƙafarsa,
Ɗan ne ke jan jiki a ƙofar gidansa,
Wa ya nemi yaron, wa ya ji ta bakinsa?
Ko shi ba ya cikin waɗanda ake tambayawa?

Fabrairun 2013 aka harbe mutum tara,
A Kano, ba su ɗauke da komai sai ɗigon yara,
Allah Ya ji ƙansu Ya sa sun dace a Lahira,
Mu muka share hawaye muka ci gaba da fitowa.

Na ƙarshe a Barno aka gan shi, 2016,
Ran 25 ga Agustan 2020 aka ba mu shaida,
Afirka ta kori asalin ƙwayar, duniya ta yarda,
Saura nau'in da ke rikiɗa, shi muke kan kashewa.

Baba Mai Carbi

'Yata, Allah Ya saka miki da alheri,
Ga abin da ya sa muka juya baya.

Zazzaɓin sauro na kwashe mana jikoki,
Mu je asibiti a ce: kati, sai ka biya.

Ƙyanda ta zo, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa,
Ruwan sha kuwa sai na tsohuwar rijiya.

Amma ɗigo kyauta har ɗaka, zagaye kan zagaye,
Ba mai zama ya faɗa mana dalili da gaskiya.

In ka yi tambaya a ce maka jahili,
Wani wurin a haɗa ka da hukuma ka sha wuya.

Wanda maciji ya sara, kin san sauran,
Ko tsumma ya gani sai ya sauya hanya.

Ran da mai unguwa ya zo da limaminmu,
Ya fara ɗiga wa nasa ɗan a gabanmu, ba ƙarya,

Suka zauna suka amsa mana har muka gamsu,
Ni da kaina na fito da jikokina gaba ɗaya.

Lauyan Talakawa

Baba, ranka ya daɗe, abin da ka nema
Ba alfarma ba ne, yana cikin doka.

Dokar Lafiya ta Ƙasa, 2014, sashe na 23,
Ta ce likita ya faɗa maka ciwonka,

Ya jera maka hanyoyin magani gaba ɗaya,
Amfani da haɗari da abin da zai ci a aljihunka,

Da harshen da kake ji, daidai karatunka,
Ya kuma ce: in ka ƙi, wannan ikonka.

Kotun Ƙoli a 2001, shari'ar Okonkwo,
Ta ce baligi mai hankali, kai ke da jikinka.

Wata ce ta ƙi ƙarin jini saboda addininta,
Likitan da ya bi zaɓinta, kotu ta ce: ba laifinka.

Amma a 2019, shari'ar Esabunor,
Kotun ta raba ranka da ran ɗanka.

Jariri ne, uwa ta ce kar a ƙara masa jini,
Aka ce ceton ransa ya sha gaban ra'ayinka.

Sai dai wannan rai ne a bakin mutuwa,
Kar a mai da hukuncin sandar dukanka.

Dangwale ba yarda ba ne in ba ka gane ba,
Tawada ce kawai aka shafa a yatsanka.

Uwar Biyu

Lauya ka ce ni ke da jikina,
To ga abin da na gani da idona.
Naƙuda ta yi tsawo, biyu a cikina,
Likita ya ce aiki, na ce na yarda da bakina,
Aka ce a'a, sai an jira mijina,
Shi kuwa ya tafi fatauci Katsina,
Waya ba ta shiga, jini na bin zanena.
Na ce ku kawo takardar, ga hannuna,
Na yi makaranta, ina rubuta sunana,
Suka dubi juna, ba mai duba na.
Sai da ƙaninsa ya zo, yaron da ya girma a gabana,
Shi ya sa hannu a kan raina da na 'ya'yana.
Allah Ya raya su, ga su nan a gefena,
Amma har yau abin yana cin raina.
Haka ran rigakafi maƙwabciya ta ce mini: Nana,
Ina so a yi wa yarana, mai gida ya hana.
In ana lissafin masu yarda, a sa da irina.

Likitan Dare

Hajiya, an tauye miki haƙƙi. Babbar mace mai hankali ita ke sa wa kanta hannu a aikin tiyata, doka ba ta ce sai miji ba. Bari in taɓo ɓangaren sauri, don ana ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba.

Mu koma kan Korona, ku biyo ni a sannu,
A ga wa ya jawo nawa, wa ya hana sauri.

Ingila ta fara allura tun Disambar 2020,
Mu sai 2 ga Maris 2021 ta iso gari.

Kusan miliyan 4 ta hannun COVAX, shirin raba allura na duniya,
Ga mutum sama da miliyan 200, ina tasiri?

Da masu kuɗi suka ƙoshi suka aiko ragowa,
Wa'adinta saura makonni, ba lokacin shiri.

Disambar 2021, sama da miliyan 1 ta lalace,
A jujin Abuja aka binne ta, kowa ya ji labari.

A watan dai aka ce wa ma'aikacin tarayya:
Ko katin allura, ko gwaji, ko ba shiga wuri.

Da tilas ta shigo, katin bogi ya sami kasuwa,
Takarda ta ce an yi, jiki na cikin haɗari.

Ba tambayar majinyaci ce ta ja mana nawa ba,
Rashin kaya da firji da ma'aikata ne tun fari.

Ga mashaƙo da ya shaƙe Kano a 2023,
Yara na kakari, iyaye na salati cikin gari.

Akasarinsu ba a taɓa yi musu allura ba,
Ga allurar Penta ta jarirai kyauta, sati 6 da 10 da 14 a jeri.

A nan kam ina bayan Mai Akwatin Sanyi,
Annoba ba ta jira a gama taro da tsari.

Amma bayani minti nawa zai ci?
Na Kano da aka tsallake ya ci mana shekaru jeri-jeri.

Ɗiyar Maraɗi

Sannunku 'yan'uwa, gaisuwa daga Maraɗi,
Ciwon da ya kwan Katsina, da safe shina garinmu.

Sanƙarau ɗin da Yaya ya buɗe zance da shi,
Mun san shi, duk rani shina ɗaukar ɗiyanmu.

A 2010 anka kawo allurarsa, MenAfriVac,
Burkina da Mali, ta uku ƙasarmu.

Indiya anka yi ta, don Afirka anka yi ta,
Ba ta kai rabin dala ba, daidai ƙarfinmu.

Garinmu ba a aiko jandarma ba,
Mai shela ya faɗi, munka yi layi da kanmu.

Don mun san ciwon, an kuma gaya muna iyakarta:
Nau'in A taka tarewa, sauran na nan tare da mu.

Da nau'in C ya taso Yamai a 2015,
Ba mu ce an yi muna ƙarya ba, mun san matsayinmu.

Mai Akwatin Sanyi

Likita, katin bogi mu ma mun san irinsa,
Uba ya ce: shafa wa yaron tawada a yatsansa,
Kar ki ɗiga, ki rubuta an yi a bangon gidansa,
Mai neman cika adadi sai ta yarda da shafawa.

Daga sama adadi ake so kafin yamma,
Gida kaza, yaro kaza, ba a son gardama,
Wa zai ba ki minti goma ki zauna kan tabarma,
Ki ji tsoron uwa, ki ba ta amsar gamsarwa?

Ni dai in an ƙi, ba na shafa ƙarya,
In rubuta an ƙi, in yi sallama in kama hanya,
Gobe in dawo da ungozoma mu zauna lafiya,
Sau da yawa a zama na biyu ake miƙowa.

Ga ta 'yan mata ta zo, Oktoban 2023,
Ta sankarar bakin mahaifa, ina gaya muku,
Tsohon zancen haihuwa ya sake tashi a cikinku,
Mai tambaya ya yi, ga likita na amsawa.

Ɗan Fagge

Ƙanwata, Allah Ya tsare ki a hanya,
Ni ban taɓa cewa a rufe miki ƙofa ba.

'Yata ta shekara 11, an aiko daga makaranta,
Takarda da Turanci, ba a fassara ba.

Likita ga tambayoyina, ka amsa a fili:
Allura nawa ce? Ba za a sake kira ba?

Me za ta ji bayan an yi, me zan lura da shi?
Wa ya riga mu yi, ba da mu za a fara ba?

Batun haihuwa fa, tsakaninka da Allah,
Don ba zan sa hannu kan abin da ban gane ba.

Likitan Dare

Malam ka yi daidai, ga amsa dalla-dalla,
Allura guda ce a dantse, haka yake a tsari.

'Yan shekara 9 zuwa 14 ake yi wa,
Don a riga ƙwayar HPV mai jawo sankarar tun da wuri.

Dantse zai yi tsami, wata ta ɗan yi zazzaɓi,
Ta zauna minti 15 bayan an yi, saboda jiri.

In kun ga kumburin fuska ko numfashi na sarƙewa,
Da wuya ake gani, amma ku kawo ta da sauri.

Tun 2006 ake yin ta, Ostareliya ta kai ta makarantu 2007,
Ba gwaji ba ne, miliyoyi sun riga ku tun fari.

Haihuwa kuwa, bincike bai nuna tana hanawa ba,
Sankarar ce ke cin mahaifa ta kai mace kabari.

Mata wajen 8,000 ta kashe mana a 2020,
Da yawa sai ta yi nisa muke samun labari.

Ka zaunar da yarinyar ka gaya mata da Hausa,
In ta tsorata ban da dannewa, lallashi da haƙuri.

Uwar Biyu

Malam Ɗan Fagge, saura ɗaya a wajena,
Ka karanta wa uwarta amsar nan, shi ne roƙona,
In da tata tambayar ta kawo, likita ba ya kwana,
Sannan a takardar ita ma ta rubuta nata suna.