Bayan dashen ƙwai: ciki a mahaifa, wani kuma a wajenta lokaci guda?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum likitocinmu. Idan an yi wa mace dashen ƙwai na IVF (wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje, sannan a saka ɗan tayin a mahaifa), sikanin ya nuna ciki ya zauna a mahaifa, shi ke nan hankali ya kwanta, ko wani zai iya maƙalewa a waje a lokaci guda? In haka ta faru, ya ake ganewa, kuma na cikin mahaifar yana tsira?

Likitan Mata:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yana faruwa. A cikin da ya shiga da kansa, kusan 1 ne cikin 30,000, amma bayan dashe yakan kai 1 cikin 100. Idan aka saka 'yan tayi biyu ko uku, ɗaya yakan zauna a mahaifa, ɗayan ya zarce bututun ƙwai ya kama a can, musamman in bututun ya taɓa lalacewa saboda ciwon sanyi, tiyata ko cikin waje na baya. Magungunan saki ƙwai da yawa, irin su Clomid da allurai, su ma suna ƙara haɗarin. Shi ya sa saka ɗan tayi ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Mai Sikanin:
Ƙari a kan bayanin Likita: gwajin jini na hCG (sinadarin da ke nuna akwai ciki) ba ya taimakawa a nan, domin na cikin mahaifa yana sa shi hawa yadda ake so. Abin dogaro shi ne sikanin ta farji a mako na 6 zuwa 7. Kuskuren da ake yawan yi shi ne, da an ga bugun zuciya a mahaifa sai a ajiye na'ura. Dole a duba ɓangaren dama da na hagu, da bayan mahaifa ko jini ya taru. Bayan allurai gidan ƙwai yakan kumbura har ya ɓoye cikin wajen, don haka in ciwo ya ci gaba a sake dubawa.

Ciwon mara a gefe ɗaya, jiri, suma ko ciwon kafaɗa: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kar a jira ganin jini, yana iya zuba a cikin ciki bai fito ba.

Likitan Mata:
Batun tsira kuwa, kusan biyu cikin uku na cikin mahaifa suna kaiwa haihuwa. Galibi tiyatar ƙananan huda da kyamara ake yi a cire bututun da cikin wajen ya kama, ba a saka komai cikin mahaifa. In jini ya zuba sosai, a buɗe cikin kawai. Allurar metotirekset da ake yi wa cikin waje ba ta da wuri a nan, za ta cutar da na ciki. In cikin wajen ya zauna a kusurwar mahaifa ko a tabon tiyatar haihuwa, akan yi masa allurar sinadarin fotashiyam kai tsaye don a tsayar da shi, ana kallo ta sikanin. Mai rukunin jini Rh negatif a yi mata allurar anti-D, wadda ke hana jininta yaƙar jinin jariri, kuma kowace mai dashe ta ci gaba da furojestaron ɗinta (maganin riƙe ciki) sai likitanta ya ce ta daina.