Neman shawara (kakar NFL ta 2024): Jordan Mason ya rikito a hannuna, in sayar ko in riƙe?

Ɗan Gwammaja a Ohio:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu buga fantasi na NFL, wasan da ake haɗa tim da 'yan ƙwallon Amurka a ci maki da abin da suka yi a fili, ku zo ku cece ni, tun daren Lahadi ban yi barcin kirki ba. Bari in faro daga tushe. Ni dai a sito nake aikin dare a nan Columbus, mu 12 ne a lig ɗin wurin aiki, kowa ya zuba dala 50, kuma ni kaɗai ne ɗan Afirka a ciki, asali ma ba su so saka ni ba sai da wani ya bar aiki gurbi ya samu, wani har yana dariya wai ni soka kawai na sani. To kun ga abin ya wuce kuɗi, ya zama na kare mutunci. Sannan wanda ya zo na ƙarshe zai yi sati guda yana zuwa aiki da rigar da sauran suka zaɓa masa, na bara rigar kaza suka sa masa har da tukku, ni da 'ya'ya uku ina zan kai wannan.

Ranar diraf, wato ranar zaɓen 'yan wasa, a zagayen ƙarshe na ɗauki Mason, mai gudu da ƙwallo (RB) na 49ers da ke zaman madadin Christian McCaffrey, haka kawai Allah ya sa a raina. Ranar 9 ga Satumba 2024 ana saura kaɗan a fara wasan 49ers da Jets aka ce McCaffrey ba zai buga ba, na sa Mason, yaro ya zuba yadi 147 da tocdaun (kai ƙwallo ƙarshen fili), maki 22 da ɗoriya. Sati na 2 ya sake yin yadi 100. A satin ne Pacheco, mai gudun Chiefs, ya karye a ƙafa, mai shi a lig ɗinmu ya rikice ya turo min tayi, in ba shi Mason da Isaiah Likely na Ravens ya ba ni Ja'Marr Chase, risiban Bengals, wato mai cafe ƙwallo. Na ƙi. Lokacin Chase bai yi komai ba, sati biyu ko tocdaun ɗaya babu. Yanzu ga shi Mason ya ji ciwo a kafaɗa tun wasan Seahawks, ya kuma fama wurin ranar Lahadi a wasan Cowboys, wannan satin na 9 hutu 49ers suke, ana kuma cewa McCaffrey zai dawo sati na 10. Jadawalin darajar 'yan wasa da nake dubawa duk Talata, wata guda da ya wuce Mason na can sama, yau sai da na yi ta jan waya ƙasa kafin na ga sunansa. Godwin, risiban Tampa, shi ma nawa ne, shi kam ciwo ya fitar da shi ke nan bana. Yanzu mai McCaffrey ya ce zai ba ni Bucky Irving, mai gudun Tampa, in ba shi Mason, ya ba ni zuwa Alhamis. In karɓa ko in jira darajarsa ta dawo?

Baban Ilham, Houston:
Wa alaikumus salam. Ƙanena tsaya tukuna, Chase ka ƙi? Ja'Marr Chase? Innalillahi. Shekara 11 ina wannan harka ban taɓa jin mutum ya kori arziki da sanda haka ba. A daren Litinin ɗin da ya biyo bayan tayin nan ya cafe 6, yadi 118, tocdaun 2. Sati na 5 da Ravens ya cafe 10, yadi 193, tocdaun 2, maki 41 da ɗoriya a PPR, tsarin da kowane kamu ke ba da maki ɗaya, mutum ɗaya. To wannan ya wuce. Tayin Irving ɗin danna karɓa yanzu, kada ka jira Alhamis, kafin mutumin ya farka.

Ɗan Gwammaja a Ohio:
Yaya ai yanzu ne kowa ya zama malami. A lokacin fa McCaffrey na IR, jerin masu jinya, daga baya har Jamus ya tafi ganin likita saboda jijiyar agararsa, kowa cewa yake ƙila ma ba zai buga ba bana. Har sati na 5 Derrick Henry ne kaɗai ya fi Mason yadin gudu a duk NFL. Wa zai saki irin wannan? Kuma Likely dala 61 na zuba a kansa cikin 100 ɗin FAAB ɗina, kuɗin bogin da ake ɗaukar 'yan wasan da ba su da mai su, ba zan iya haɗa shi gyara ba bayan sati ɗaya.

Baban Ilham, Houston:
Dala 61 a kan Likely. Kai yau ka gama da ni. Wato wasa ɗaya ka gani, daren buɗe kaka da Chiefs, ya cafe 9 yadi 111, shi ke nan ka juye asusu, ka manta Mark Andrews da suke gurbi ɗaya na raye a tim ɗin. Ka ga matsalarka guda ce a duka biyun, kana sayen makin da aka riga aka ci. Maki na satin jiya ba ya shiga aljihunka, abin da ake saye shi ne sau nawa za a miƙa wa mutum ƙwallo daga yau zuwa Disamba. Mason kujerar aro yake kai. Bara da McCaffrey ke lafiya ya yi yadi 1,459 na gudu da tocdaun 21, shi Mason sau 40 kacal aka ba shi ƙwallo ya gudu a kakar gaba ɗaya, sau 40, abin da bana ya wuce a wasa biyu. Shanahan, kocin 49ers, ba ya raba tuwo idan ɗan lelensa na nan. Ranar da za ka sayar da mai riƙon ƙwarya ita ce ranar da kowa ke tsoron mai kujerar ba zai dawo ba, kai kuma ka bari har an ji takun mai gida a zaure.

Sadiq FPL, Zariya:
Ni ban gane ba fa, nawa farashin nasa ya sauka? Mu a FPL, fantasin Firimiyar Ingila, 0.1 yake sauka a dare, in ma ya tashi rabin ribar ake ba ka in ka sayar. Ka sayar kawai ka sayi wani mana, ko wildkad ɗinka, damar sauya tim kyauta, ya ƙare?

Abu Hanifa, Bronx:
Sadiq ba haka nasu yake ba. A nan babu farashi a jikin ɗan wasa, kuma ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya ne ke da shi a lig, ba kamar Haaland da kowa ke da shi ba. Darajarsa ita ce abin da abokin wasanka ya yarda ya ba ka a musaya, kamar cinikin rago ana jibi Sallah. Jadawalin nan da yake faɗa ra'ayin masu sharhi ne kawai suke sabuntawa duk sati. Inda ake da farashi na gaske shi ne irin DraftKings, a ba ka dala 50,000 ta bogi ka haɗa tim, farashin kowa na canjawa duk sati.

Ni kuma shawarata ta saba da ta Alhaji na Houston. Ka riƙe. Ciwon agara ba a yi masa alkawari, mutumin da bai buga ko wasa ɗaya ba tun Super Bowl za a ce ya dawo ya ɗauki kaya kamar da? In ya sake zama Mason ya koma sama a dare ɗaya, lokacin filof kuma, wasannin ƙarshe na fitar da zakara. Bara haka aka yi ta ce min in sayar da Puka Nacua kafin abokin wasansa Cooper Kupp ya dawo daga jinya, na toshe kunne, yaro ya gama da kamu 105 da yadi 1,486. Irving kuma su uku ne a kan akushi ɗaya, ga Rachaad White ga Sean Tucker da ya yi wa Saints ɓarna a sati na 6.

Baban Ilham, Houston:
Malam Abu da girmanka. Risiba uku ke shiga fili lokaci guda, shi ya sa Nacua da Kupp suka ci tare. Mai gudu ɗaya ne ke tsayawa bayan kwatabak, mai jefa ƙwallo. Kada ka haɗa su. Kuma ko McCaffrey ya sake zama wa ya ce maka Mason ne zai ci gadon shi kaɗai? Ba ka ga Guerendo, ɗaya mai gudun 49ers, ranar Lahadi ba, yadi 85 da tocdaun bayan Mason ya fita? Irving ko yau aka tashi yana da rabonsa a fili, ana kuma jefa masa ƙwallo, ga risibansu Evans na jinya Godwin ya tafi, dole ƙwallon ta je wani wuri. A PPR kowane kamu maki ɗaya ne, Mason kuwa sai a yi wasa guda bai cafe biyu ba. Ni na faɗa, wanda ya ji ya huta.

Maman Walid:
Ku dai Allah ya shirye ku. Mai gidana duk daren Talata sai ya sa alam ƙarfe uku wai weba, kasuwar 'yan wasan da ba su da mai su, za ta buɗe, ranar da Walid ya yi zazzaɓi kuwa sai da na yi ta tashinsa kamar gawa. Watan jiya ya kwashe kuɗin bogin nasa ya zuba a kan wani Carson Steele na Chiefs, sati biyu yana fushi a gidan nan da yaron ya saki ƙwallo aka koma ba wa Kareem Hunt, har sunayen na haddace don baƙin ciki. Ɗan Gwammaja ka sa rigar kazar kawai ka huta, ba a mutuwa.

Malam Nura:
Ni tambayata ɗaya, dala 50 da kowa ya zuba wanda ya ci ya kwashe, meye sunan wannan in ba caca ba? Ku ji tsoron Allah. Ku buga na kyauta mana.

Ɗan Gwammaja a Ohio:
Malam na ji, in na ci sadaka zan yi da su in sha Allah, ni rigar ce damuwata. Hajiya ke ma kya faɗa, ba ke za a ɗauka a waya ba.

Yaya na Houston ni fa ba wai na ƙi maganarka ba ne, amma duba, mutumin nan shi ke da McCaffrey, shi ya fi kowa buƙatar Mason, don me zan ba shi a farashin da ya yanka? Wanda aka yi min tayin Chase a kansa yanzu in bayar a kan yaron da ko fara wasa ba ya yi, ai sai su yi min dariya a wurin aiki. Na ce ya ƙara min risiba ɗaya ya ce a'a.

Abu Hanifa, Bronx:
To wai ma tsaya, ci nawa gare ka faɗuwa nawa? Su wa ke gare ka a RB ban da Mason? Yaushe ake rufe musaya a lig ɗinku? Ba ka faɗa mana ko ɗaya ba. In kana 6 da 2 ka riƙe abinka, in kana 2 da 6 ba ka da lokacin jiran agarar wani, wannan satin ma Mason sifili zai ba ka, Irving kuwa zai buga da Chiefs ranar Litinin.

Baban Ilham, Houston:
Ko 8 da 0 yake ya sayar. Kuma ƙanena ka cire Chase daga ranka, kasuwa ba ta san nawa aka taya maka jiya ba. Tumatir ne a hannunka, na safe daban na yamma daban.

Ɗan Agadas:
Ku kuna ma samun musaya. Namu lig ɗin kwamishinan ƙanin matarsa kawai yake bari ya yi ciniki, ni sau uku ina kulla musaya yana hawa kujerar na ƙi wai ba adalci, sai da ɗan wasan ya ji ciwo darajarsa ta zube sannan ya ce to yanzu an yarda. Na bar musu guruf ɗin ma jiya. In akwai mai gurbi a lig ɗinsa na baɗi don Allah ya tuna da ni.

Sadiq FPL, Zariya:
Wasan da ake farawa ƙarfe ɗaya na dare agogon nan, a yi ta tsayawa ana talla, Allah ya ba ku haƙuri. Ni dai a ba ni shawarar kyaftin na wannan satin.

Ɗan Gwammaja a Ohio:
Malam Abu ba ni ne na ƙarshe ba dai tukuna, akwai mutum ɗaya a ƙasana kuma shi ya daina ma saita tim ɗinsa. RB kuwa ina da su, ba su da yawa ne kawai. Ni abin da nake gani kafaɗar Mason za ta warke a hutun nan, kuma ko McCaffrey ya dawo ai ba za su ɗora masa duka ba a satin farko, in Mason ya samu tocdaun ɗaya a Tampa darajarsa ta ɗan ɗaga sai in sayar da tsada. Na tura wa mutumin sabon tayi, Mason da Likely ya ba ni Irving da risibansa na biyu. Ya gani tun ƙarfe huɗu bai ce komai ba.

Baban Ilham, Houston:
Ba zai ce ba. Ka nemi shawara ko ka nemi a taya ka?

Maman Walid:
Rigar kazar wace kala ce wai