Yadda Za a Riƙe Abu Mai Lanƙwasuwa da Ya Fi Injin Laser Girma

A kan yadda za a riƙe yadi ko fata da ta fi injin laser girma, wato injin da ke yanka da haske mai ƙarfi, shawarwarin da masu aiki da injin suka bayar sun taru a kan abu guda: dole ne yadin ko fatar ta kwanta shimfiɗe, domin tudun milimita 2 kacal yana iya ɓata saitin haske, yankan ya fito da faɗi da ƙuna. Mafi yawansu sun zaɓi siraran maganaɗisu a kan farantin injin da ake shimfiɗa kaya, mai ramuka irin saƙar zuma, muddin na ƙarfe ne, tun da maganaɗisu ba ya kama alminiyam, kuma a tabbata kan injin ba zai buge su ba.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce a yanka firam ɗin katako da injin kansa, a huda masa ramukan ƙusoshi, ta yadda duk lokacin da aka jawo sabon sashe zai zauna daidai inda na baya ya tsaya. Ragowar yadin a naɗe ta a sanda, nesa da hanyar haske. Kada a ja yadin da ƙarfi, domin idan aka sake shi siffar za ta tsuke.

Sun kuma gargaɗi kowa kada ya kashe makullin tsaro na murfin injin, wanda ke tsayar da hasken idan an buɗe murfin, domin hasken laser mai aiki da iskar CO2 ido ba ya ganinsa, kuma kada a yanka ledar PVC, saboda hayaƙinta guba ne.