Ina tana ta tafi daga gonakinmu?

Ɗan Gezawa: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Na yi huɗa a gonar da na karɓo daga hannun ɗan haya, ban ga tana ko ɗaya ba, ba gwazarma, ba buzuzu. Ƙasa fari fat kamar toka, ga shi bara wuta-wuta ta cinye dawar. Da can in Baba ya kafa garma a gindin gawo, tana ce ke fitowa a kowace kunya. Gubar da ake zubawa ce ta kashe ƙasar nan.

Mai Shagon Taki: Wace guba? Faɗi sunanta. In takin zamani irin su NPK da yuriya kake nufi, ka ji tsoron Allah. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, abincin shuka. Ba don shi ba wa zai noma shinkafa a Kura?

Ɗan Gezawa: Alhaji, ban ambaci shagonka ba.

Mai Shagon Taki: Ka ce guba. Da shi nake ciyar da iyalina, ka janye.

Malamin Gona: Taki ba guba ba ne, sai dai shuka yake ciyarwa, ba ya ciyar da ƙasa. Da tana da ƙwayoyin da ido ba ya gani, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suke ci. Mu kuwa kara mu kwashe, harawa mu sayar, ragowar mu cinna mata wuta. Ka tumɓuke wake ka duba saiwarsa, akwai ƙulli-ƙulli. Fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin na aiki, suna jawo naitirojin daga iska.

Ɗan Ringim: Malam, mu a jigawa ko ba taki ba a cika ganin tana ba sai a fadama, rairayi ba ya riƙe laima. Gara ce ke huda mana ƙasa ruwa ya shiga. In guba ake nema, a duba sharar birni da Kanawa ke jibgewa a gona, duk leda da mataccen batir.

Inna Mai Awaki: Gara? Wadda ta cinye min rumbu? Yaro, kada ka sake yabonta a gabana.

Ɗan Gezawa: Kai na Ringim, kar ka taɓa Kano. Da sharar nan kakanninmu suka riƙe gonaki, a kan jaki suke ɗauko ta da mangala.

Ɗan Ringim: A lokacin akwai leda? Kuma kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 ai duk Kano muke, ba baƙo ne ke gaya maka ba.

Mai Shagon Taki: Har yanzu fa bai janye kalmar guba ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: taki ba guba ba ne, Malam ma ya tabbatar, don haka ɗan'uwanmu na Gezawa ya ba Alhaji haƙuri. Ni a wurinsa nake sayen taki, ban taɓa ganin illa ba. Zancen gara da shara a bar shi sai wani jiƙon.

Ɗan Gezawa: Shugaba, Malam cewa ya yi ba ya ciyar da ƙasa, wannan ka tsallake. Kuma har yanzu ba wanda ya tambayi ɗan hayar maganin ciyawar da ya fesa.